Facin da Na Yi wa Zanen Saƙinki

Assalamu alaiki, Inna, ke da maƙwabtanki da kuke kwance a maƙabartar Bakura. Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kina cikin rahamarsa.

Da kina raye, da na fara yadda aka koya mini. In durƙusa daga bakin ƙofa, in tambayi kwana, in tambayi gajiya, in tambayi ruwa da gona da jikin Baba, ke kuma kina amsa "lahiya lau" ɗaya bayan ɗaya, idonki a kan tsintsiya ko a kan tukunya, ko'ina dai ban da fuskata. Yau babu mai amsawa, don haka zan wuce ga abin da ya kawo ni. Na san masu karanta wannan shafi za su leƙa wasiƙar. Su leƙa. Da ke nake.

Maganar zanen saƙinki ce. Ranar Alhamis da ta wuce, a gidan adana kayan tarihi, an miƙo mini takarda aka ce in sa hannu a kan abin da za a yi wa facin da na yi masa ina 'yar shekara goma sha uku. Na sa. Amma kafin in gaya miki abin da na amince da shi, bari in ɗauko labarin daga tushe, tunda ni da ke ba mu taɓa yin maganar facin nan ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwarki zanen ya shekara huɗu cikin adakar ƙarfenki. Da Hajara, autarki, ta je kwaso kayan ɗakinki zuwa gidanta a Talata Mafara, sai ta tarar damina ta sami hanya ta rufin, gindin adakar ya yi tsatsa, asu kuma ya fara cin gefen zanen. Muka yi shawara, muka ga in ya ƙara damina biyu a hannunmu sai dai a ba da labarinsa. Ni na rubuta wa gidan tarihin, ni na yi ta bin sawu har suka amsa. Hajara ce ta naɗe shi ta rungume shi a mota tun daga Mafara. Haka rabon yake tsakaninmu tun fil azal: ni takarda, ita abin da hannunki ya taɓa.

Sun tambaye mu tarihinsa, na faɗa musu yadda Kaka ta faɗa mini. A Maradun aka saƙa wa kakarki shi, da audugar da ta kaɗa da mazarinta, aka rina zaren a marinar garin. Siraran falle goma sha huɗu aka harhaɗa, baƙin shuni da ɗigon fari kamar bayan zabuwa. Ba a ɗaura shi zuwa biki. Aikinsa ɗaya ne a gidanmu: ranar suna a lulluɓe 'yar fari da shi, a mayar adaka. An lulluɓe Kaka, an lulluɓe ki, an lulluɓe ni. Ni kuma Allah ya ba ni maza zalla, a nan layin ya tsaya. Ba a lulluɓe Hajara ba. Na daɗe ina riƙe da wannan kamar takardar shaida.

Sai dai abin da ya ba ni zanen shi ne ya hana ni ke. 'Yar fari ce ni, kunya ta hana ki kama sunana. "'Yar Maradun" kike cewa, domin ana yaye ni aka kai ni wurin Kaka, can na girma, sai da hutu nake zuwa Bakura kamar baƙuwa. In za ki ba ni abinci sai ki ce wa wani, "Ku miƙa ma waccan." Na karanta abin da masana suka rubuta a kan wannan al'ada, na ma taɓa yin sharhi ina kare ta, ina cewa ƙauna ce da ta rufe fuska. Na iya bayaninta sarai. Bayanin dai bai taɓa ƙosar da ni ba.

Hajara kuwa sunanta ba ya barin bakinki. Hajara taho ki gani, Hajara riƙe mani nan. A jikin gwiwarki ta koyi kaɗi, ta koyi zura allura, ta koyi gane auduga mai kyau da yatsa. In na matso sai ki gyara zama ki ce, ba tare da kin dube ni ba, "Wagga hannunta na biro na, ku ƙyale ta da takardunta." Mutane suka ɗauka yabo ne. Wataƙila yabon ne. Ni dai ƙarar rufe ƙofa na ji.

Ina so in yi adalci, don ba na son a ƙara wa magana gishiri. Ba hassada nake yi wa Hajara ba, ban taɓa fatan a karɓe mata ba. Kishi ne tsagwaronsa. Ina son abin da take samu, kuma daga hannun da take samunsa.

Hutun ƙarshen shekara ne, da hantsi, kun shiga maƙwabta barka. Na buɗe adakar na ciro zanen na yafa, ba don komai ba sai don in ji a jikina abin da aka ce nawa ne. Wajen mayarwa ya kama bakin murfin inda ƙarfen ya tsage, ya yage kamar tsawon tafin hannu. Tsoro ya kama ni. Na yanko ƙyalle daga tsohon kayan makarantata, kore shar, irin yadin nan mai santsi da ba ya yamutsewa. A kan zare kuwa na tsaya na yi tunani, kuma wannan ne ke ba ni haushi har yau, don ba garaje na yi ba, dabara na yi. Na tuna Kawu, ƙanenki, yana ɗinke tarun da yake kamun kifi da shi a madatsar ruwan Bakolori da wani farin zare mai ƙyalli, yana cewa ko giwan ruwa ba ya tsinka shi. Na ce abu mai daraja sai zaren da ya fi kowanne ƙarfi. Na ɗebo, na ɗinke, na ja kowane ɗinki har sai da ya nutse. Na ninke zanen na mayar.

Na jira faɗa. Na jira kwana ɗaya, na jira sati, na jira har hutu ya ƙare. Ba ki ce komai ba. Kusan shekara talatin ba ki ce komai ba. Na yanke wa kaina cewa ɗayan biyu ne: ko ba ki gani ba, ko kin gani bai kai ki yi magana ba. Kuma na san ko tsinke ya canza wuri a ɗakinki sai kin gane.

Bayan shekaru, Hajara na budurwa, asu ya huda wani falle. Ta zauna kwana uku da zaren da kika kaɗa, ta saƙe hujin zare bisa zare. Wannan kam an ji labarinsa har Dosara. Duk baƙuwar da ta zo sai kin ciro zanen kin shimfiɗa kin ce, "Ku nemo mani inda auta tag gyara. Wadda tag gane shi in ba ta goro." Wata rana ina zaune kika yi haka. Na lura da yadda kika ninke ɓangaren da korena yake ya koma ƙasa. Matan suka yi ta lalube suna salati. Ni na tashi na ce zan duba tukunya.

Wadda aka damƙa wa zanen a gidan tarihin sunanta Malama Asabe. Aikinta kula da lafiyar tsofaffin tufafin da ake kawo musu. Mace ce mai magana a hankali, hannunta ma ba ya gaggawa. Na zaci za ta wanke shi, ta goge, ta rataye. Sati biyu na farko ko allura ba ta ɗauka ba. Ta rufe shi cikin leda ta sa a firiza don ƙwan asu ya mutu. Sannan ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗauki hotonsa gaba da baya, ta bi shi falle-falle da gilashin ƙara girma, tana rubuta duk huji, duk tabo, duk inda wani hannu ya taɓa shi bayan na masaƙi. Ta jiƙa 'yar auduga a kan tsinke ta dangwala a wani lungu, audugar ta fito da shuɗi. Ta ce to, shi da ruwa har abada, ƙura kawai za a ɗauke masa da burushi mai laushi.

Ranar da na fara zuwa na miƙa hannu zan shafa shi, ta ce in fara wanke hannu in cire zobe. Cikin ladabi ta faɗa. Na yi yadda ta ce. Zanen da aka lulluɓe ni da shi ina da kwana bakwai a duniya, yau sai da izinin wata. Sai ta nuna mini bakinsa, inda kika taɓa kalmashewa, ta ce, "Mai wannan ɗinki da hagu take riƙe allura, ko? Dubi yadda ya kwanta." Na ce ban sani ba. A nan take na buga wa Hajara. Ta ce, "Haba Yaya, ai Inna komai da dama take yi, ban da ɗinki." Matar da ba ta taɓa ganin fuskarki ba ta san hannunki cikin sati biyu, ni kuwa na yi shekara arba'in da 'yan kai ina 'yarki. Sai ga shi na sami ta biyu da zan yi wa kishi.

Ta bayyana mini yadda suke yanke shawara, na rubuta don kada in yi mata ƙari. Ba ita kaɗai ke yankewa ba, su uku suke zama, kuma ba a taɓa komai sai an rubuta dalili, iyalan da suka kawo kayan sun sa hannu. A kan kowane tabo da kowane gyara sukan tambayi kansu ko yana cutar da kayan yanzu, ko yana ba da labarin yadda aka yi amfani da shi, sannan in suka sa hannu, ko wanda zai zo bayansu zai iya warware abin da suka yi ba tare da ɓarna ba. In babu cuta, sai a bari. Ta ce rabin aikinsu haƙuri ne da barin abu yadda aka same shi.

Da wannan ma'auni suka bar wani tabon mai a tsakiyar zanen, suka ce alama ce ta jariran da aka shafe da man shanu aka lulluɓe. Wataƙila nawa ne, wataƙila naki. Suka bar kalmasarki. Da suka zo kan gyaran Hajara, Malama Asabe ta ce sai da ta haska fitila daga gefe kafin ta gano shi. Auduga ce irin ta zanen, taushinsu ɗaya, tare suke saki tare suke tsukewa. A rahotonsu suka rubuta a bar shi, ya zama ɓangaren tarihin zanen. Har ta ce za ta so ta ga mai wannan hannu. Na ce zan gaya wa Hajara. Ban gaya mata ba, sai yau da za ta karanta a nan.

A kan nawa suka rubuta a cire.

Na shiga ofishinta da shirin gardama, irin wadda na saba yi wa masu muƙami a bakin aikina na jarida. Na ce wa ya ba ku ikon cewa wannan hannu tarihi ne, wancan datti? 'Ya'yan mace ɗaya ne suka yi su, a ɗaki ɗaya. Ko don nata ya yi kyau nawa ya yi muni? Ina fata ta ce e, Inna. Da ta ce e, da na sami abin kamawa, da na cika shafi guda a kan masu goge tarihi don ya yi kyan gani.

Ba ta ba ni wannan ba. Ta ce muni ba ya cikin tambayoyinsu, akwai facin da ya fi nawa muni da suka bari a jikin wata riga. Ta zaunar da ni gaban gilashin ta ce in duba da kaina. Na ga zaren taru yana nan sabo fil kamar jiya aka saya. Na ga audugar kakarki ta tsufa ta yi laushi. Kuma a bakin kowane ɗinki na ga zarena ya fara yanka ta, yadda igiya ke cin wuyan akuyar da aka ɗaure da ƙarfi. Ta ce, "Hajiya, gyara bai kamata ya fi abin da aka gyara ƙarfi ba. In an ja, so ake gyaran ya tsinke zanen ya tsira. Naki kuwa ba zai taɓa tsinkewa ba." Na ɗago daga gilashin. Hujja ce, ni kuma ba na jayayya da hujja. Na ce a ba ni sati ɗaya.

Satin nan ban yi wa kowa daɗin zama ba. Abin da ke cina shi ne, a duk kayanki babu inda hannuna ya bar alama sai wurin nan. Kaskon turarenki yana wurin Hajara, mazarinki yana wurin Hajara, muryarki ma tana wurinta, don in ta kira 'ya'yanta sai na waiga. In aka cire koren nan, zanen zai shiga gilashi da hannun kakarki, da naki, da na auta, kuma mai zuwa kallo ba zai san na taɓa ratsawa ta ɗakin nan ba.

Kafin satin ya cika Malama Asabe ta kira ni ta ce in zo, akwai abin da ya canza. Ƙa'idarsu ce ba a sa almakashi sai an zana taswirar kowane ɗinki, an san inda ya shiga da inda ya fita. Tana cikin wannan aiki ta kifa zanen, ta kwantar da fitilar daga gefe, sai ta ga waɗansu ɗinke-ɗinke a bayan facin waɗanda ba nawa ba. Ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, zaren shuni a kan shuni, suna bin layin saƙar, shi ya sa suka ɓace mata a duban farko. Sun zagaye yagar duka, sun kama koren ƙyallena ta ciki da zare ɗaya-ɗaya, yadda ba za su fito a fuska ba. Kuma sun kwanta ta hagu.

Ta ce su ne suka ɗauke nauyin, ba don su ba da zarena ya daɗe da raba fallen biyu. Ta ce wadda ta yi wannan ta fi kowa sanin facin ba daidai yake ba, kuma cire shi ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba.

Na ƙirga su, Inna. Sittin da ɗaya.

Na fita waje na kira Hajara, ina zaton ni zan ba ta labari. Ta yi dariya ta ce, "Ɗinkin bayan wallahi ban san da shi ba. Amma lokacin da na gyara hujin nan na ce mata bari in warware koren nan in yi mai kyau. Ta buge mani hannu ta ce, wa ya aike ki, bar ma mai shi abinta." Na ce shekara ashirin kina riƙe da wannan magana ba ki gaya mini ba? Ta ce, "To Yaya, kin taɓa tambaya? Ke da in an ambaci zanen sai ki tashi duba tukunya."

Kin gani ko? Ko maganar da kika yi a kaina, ita kika gaya wa.

Su ukun suka sake zama. Yanzu cire ƙyallen yana nufin yanke ɗinkinki, wanda babu mai mayar da shi. Barin zaren taru kuma yana nufin a zuba ido yana ci. Sai suka raba. Koren ƙyallen zai zauna, tunda ɗinkinki ya ishe shi riƙo, kuma ya tabbata mai zanen ta gan shi ta zaɓi ya zauna. Zaren taru za a yanke shi ɗinki bayan ɗinki, a zare a hankali, a tallafi bakin yagar da wani siririn zare mai laushi wanda za a iya cirewa gobe in an sami dabarar da ta fi. Zarena ba za a yar ba. Za a sa shi a 'yar ambulan, a rubuta abin da yake da inda aka ciro shi, a ajiye a akwati ɗaya da zanen, kusa da shi amma ba ya taɓa shi.

Wannan ce takardar da na sa wa hannu ranar Alhamis. Na roƙi a bar ni in zauna ranar da za a zare. Malama Asabe ta ce in zo, amma hannuna a cinya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kina inda ƙarya ba ta da amfani. Kishin bai tafi ba. Gyaran Hajara bai buƙaci kowa ya bi bayansa ba. Ita kin zaunar da ita kin koya mata, ni kin jira na koma makaranta kika gyara a ɓoye. Da kin ce mini, "Zaren ga ya yi ƙarfi," ko da kina kallon bango ne, da na koya. Kalma biyar ce, Inna. Ɗinki sittin da ɗaya ya fi miki sauƙi.

Amma ina ta tunanin zaman da kika yi. Ke kaɗai, ƙofa a saye, zanen a kife bisa cinyarki, allura a hagu, kina lallaɓawa kada ɗinkinki ya fito a fuska. Ban san wa kike ɓoye wa ba, ni ko mutane ko kanki. Ranar da kika ninke korena ƙasa a gaban baƙi na ɗauka muninsa kike ɓoyewa. Yanzu ina ganin yadda kika ninke sunana ne kika ajiye, ba ki yar ba, ba ki kuma nuna wa kowa ba.

Kowane kaya a gidan yana da katinsa. Kafin in tafi Malama Asabe ta nuna mini na zanen. A wurin gyare-gyare an rubuta cewa facin koren yadi aikin Rabi'atu ne, 'yar fari, wanda mahaifiyarta ta ƙarfafa ta baya da hannunta. Sunan da ba ki taɓa furtawa ba, ga shi a layi ɗaya da ke. Na Hajara yana layi na gaba, shi kaɗai. Allah ya yafe mini, na ji daɗin wannan.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ke da Kaka da wadda ta kaɗa audugar. Ya raya Hajara da zuriyarta, ya zare mini abin da ke zuciyata a kanta, ko da a hankali ne. Ya tara mu inda babu kunyar 'yar fari, in yi sallama daga bakin ƙofa, ki ɗago ki dube ni, ki kira sunana.

Taki ta fari,
'Yar Maradun,
Rabi'atu.